Keken Jaririn da Zai Iya da Layinku

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, muna haya a Kinkinau a nan Kaduna. Yau sati bakwai da aka yi mini aiki aka ciro mini 'ya mace, yayanta kuma shekararsa biyu da wata uku. Duk sanda na goya ta majanyi yana danne mini wurin ɗinki, ga ciwon baya, ga yayan shi ma kullum sai a ɗauke shi. Maigida ya ba ni kuɗi in sayi keken jariri. Na ga wani babba a Instagram mai haɗe da kwandon kwanciya da kujerar mota, ya shiga raina, amma sai na ƙara da adashina kuɗin za su kai. Ƙawata ta ce in je Kasuwar Barci in ɗauko gwanjo. Surukata kuma ta ce keke kayan ganin ido ne, ɗan da bai sha goyo ba bai san ɗumin uwarsa ba. Layinmu ba kwalta, maigida ke fita da mota, ni Napep nake hawa. Wanne zan saya, me zan haɗa da shi? Ko in haƙura kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki. Allah ya raya ta, ya shirya ta ita da yayanta, ke kuma ya ƙara miki sauƙi.

Kada ki haƙura, ki sayi keke. Amma ki bar adashinki ya ci gaba da zagayawa, wancan na Instagram kuma ki bar shi inda kika gan shi. A kan daɓe mai santsi kamar tangaran aka ɗauki hotonsa, ke kuwa da bakinki kin ce layinku ba kwalta.

Bari mu fara da jikinki tunda shi ya kawo maganar. Aikin haihuwa ba ƙaramin yanka ba ne. Fatar waje takan haɗe da wuri har mace ta ɗauka ta warke, alhali na ciki yana nan yana haɗuwa a hankali. Shi ya sa likitoci kan ce a sati shida na farko kada mai jego ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Ke yanzu ma kika tsallake wannan wa'adi, yaro ɗan shekara biyu kuwa nauyinsa yana kaiwa kilo 12, kusan ninki huɗu na nauyin da ƙanwarsa ta zo da shi duniya. Majanyi kuma daidai inda aka ɗinke yake ƙulluwa, duk wadda aka yi wa aiki ta san wannan zugin. Ba raki kike yi ba. In wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana tsattsafo da ruwa, ko kina jin zazzaɓi, asibiti za ki fara zuwa, kasuwa ta jira.

Gobe da safe, tun ba ki kashe ko sisi ba, ki tsaya a ƙofar ɗakinki ki taka a hankali har bakin titi inda kike tsayar da Napep, idonki a ƙasa. Ki lura da tudun dokin ƙofa. Ki ari tef ɗin tela ki auna faɗin ƙaramar ƙofar get, don yawancin kekunan yaro ɗaya faɗinsu tsakanin santimita 55 ne zuwa 65, masu cin yara biyu gefe da gefe kuma sukan kai 75 ko su wuce. Ki duba lambatun ƙofar gida, siminti aka rufa masa ko katako biyu aka gindaya? Ina yashi ya taru, ina ruwan damina ya zaizaye ya bar tsakuwa tsaitsaye, ina kwata ke malalowa tsakiyar hanya? Wannan tafiyar ta minti biyar ita za ta zaɓa miki keke. Mai shago bai taɓa taka layinku ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

A unguwanninmu taya ita ce keke, sauran duk ado ne a kanta. Da kuɗina na koyi wannan. Lokacin goyon ɗana na biyu muna zaune a Unguwar Dosa, na sayi wani mai kyan launi, tayoyinsa ƙanana na roba mai tauri, bibbiyu a kowace ƙafa, ba su fi murfin gwangwanin madara girma ba. A cikin shago ya tafi sumul. Ranar da na fara fitowa da shi ban yi taku ashirin ba tayoyin gaba suka nutse a yashi suka karkace, in tura ya ƙi, in ja ya ƙi. Inda ƙasa ta yi tauri kuma kan yaron sai kaɗawa yake yi kamar ana tankaɗe. Na ciro shi na goya, na jawo keken ta baya har gida. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don ba a sauƙaƙe na tara kuɗin ba, kuma daga nan keken bai sake wuce tsakar gida ba.

Saboda haka ki nemi wanda tayoyinsa na baya suka kai faɗin farantin cin abinci. Na gaba su kasance masu juyawa, amma da ɗan maɓallin da ake kulle su su tsaya sak, don a yashi da tsakuwa taya mai juyawa ita ke fara maƙalewa. Mai iska a ciki, irin ta keken hawa, ta fi kowace laushi, sai dai ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba ba su barinta, kuma ko da mai faci yana kowace kwana, samun tub daidai girmanta wani aiki ne. Mai roba a waje da soso mai tauri a ciki ba ta sacewa, ita nake zaɓa miki. Ki danna mariƙin keken ƙasa da ƙarfi ki sake. In ya ɗan lotsa ya dawo, yana da sifirin, kan 'yarki zai huta. In ya tsaya ƙiƙam kamar benci, duk ramin da kuka faɗa a wuyanta zai ƙare.

Sai dai duk keken da ya samu manyan taya ya samu nauyi, kuma a nan Napep ke shigowa. Akwai siraran nan masu ninkewa kamar lema, waɗanda wani injiniyan jirgin sama a Ingila, Owen Maclaren, ya ƙirƙiro a 1965. Nauyinsu bai wuce kilo 5 zuwa 7 ba, amma yawancinsu ƙananan taya gare su, kuma da dama ba su kwanciya yadda jariri sabon haihuwa ke buƙata. Irin wanda ya shiga ranki kuwa yakan kai kilo 12 ko fiye, galibi sai an cire samansa kafin a ninke ƙasan, ya zama kaya biyu, ya cika but ɗin mota. Ki hango kanki a bakin titi da rana, jaririya a hannu, yayanta yana neman zillewa, ga jaka, ga mai Napep yana danna oda. Wa zai ɗaga? Naki yana tsakanin waɗannan biyun: kilo 8 zuwa 10, mai ninkewa gaba ɗaya ba tare da an cire komai ba, in da hali da hannu ɗaya. Kada ki yarda yaron shago ya ninke miki yana murmushi, shi sau ɗari yake yi a rana. Ke za ki ninke, ki buɗe, ki sake ninkewa, ki ɗaga ki yi taku goma da shi. In kika ji ya ja miki ɗinki, ki ajiye.

Kuma gara in faɗa miki tun yanzu, ranakun Napep goyo zai fi miki sauƙi da zarar kin warke. In ma kin fita da keken, ana ciro yarinya ne a ninke shi, ba a taɓa ɗora shi cikin Napep da ita a ciki. Amfaninsa yana wurin tafiyar ƙafa: shago, Islamiyya, gidan Hajiya surukarki in kusa ne, miƙe ƙafa da yamma a Dandalin Murtala ranar da maigida ya kai ku, sai dogon layin rigakafi na sati 10 da sati 14 da ke gabanki, inda uwa kan yi awa biyu ko uku da yaro a jiki.

Yanzu ga abin da nake ganin zai warware miki matsalar gaba ɗaya. Keke ɗaya za ki saya, yaran biyu su riƙa karɓa-karɓa. Yanzu da ɗinki bai gama ƙwari ba, jaririya ce a ciki, yayanta yana tafiya a gefe riƙe da ƙarfen keken. Nan da 'yan watanni in jiki ya dawo, ita ta koma baya, shi kuma in ya gaji ya hau. Ai shi ne mai nauyin, shi ne ke karya miki ƙugu. Wannan ya sa abu biyu suka zama dole a keken da za ki ɗauka: bayan kujerarsa ya kwanta sosai, kuma ya iya ɗaukar yaro har kilo 22. Ki leƙa ƙarƙashin kujera ko jikin ƙarfe, akwai 'yar takarda a manne. Na Turai za ki ga an rubuta EN 1888, kashi na 1 na yaro ne har kilo 15, kashi na 2 har kilo 22. Na Amurka ASTM F833 ake rubutawa, da iyakar nauyin a gefe. Yaronki cikin shekara ɗaya da 'yan watanni zai kai 15, ki ga ke nan mai ƙaramin nauyi ba zai daɗe yana yi masa amfani ba. Akwai wani ɗan allo mai taya da ake maƙalawa a baya babban yaro ya tsaya a kai. A kan kwalta yana da daɗi, a layinku wahala zai ƙara miki.

Maganar kwanciya ba ta jin daɗi kawai ba ce, ta numfashi ce. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In aka jingina shi a zaune, kan sai ya rinjayo gaba, haɓa ta dafe a ƙirji, hanyar iska ta matse, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Don haka har sai ta kai wajen wata shida tana iya zama da kanta, a miƙe za ta kwanta, rigingine, fuska a buɗe. Wannan aikin ne kwandon kwanciyar da kika gani yake yi, amma ki lissafa: wata shida kawai ake amfani da shi, 'yarki ta riga ta cinye kusan biyu. In kina cikin ma'aikatan da ke cin gajiyar hutun haihuwa na wata shida da gwamnatin jihar nan ta amince da shi a 2019, ranar da za ki koma aji ta riga ta fara zama, kwandon ya koma saman wadirob. Kujerar da ke kwanciya sosai, wadda aka rubuta a jikinta cewa ta dace tun daga haihuwa, za ta yi miki aikin biyu da kuɗi ɗaya.

Bel ɗin ɗaurewa ya zama mai harshe biyar, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin cinyoyi, duka su haɗu a maɓalli ɗaya. Ki riƙa ɗaurewa ko da daga ɗaki zuwa get ne, ki ja har ya zama yatsunki biyu kawai ke shiga. Birki kuma ki taka, ki tura keken da ƙarfi, tayoyin baya biyu su kafe. Ki gwada da silifas ɗin da kike yawo da shi, don wani birkin sai an ɗago shi da saman ƙafa, yana ɓare farce. Duk inda kika tsaya, ko gaisuwa ce ta minti ɗaya, ki taka shi. Layukanmu kusan duka gangare suke yi zuwa lambatu ko da ido bai gani ba.

Wata rana a layin rigakafi na ga abin da har yau ban manta ba. Wata yarinya mai goyon fari ta rataye jakarta a mariƙin keke, jakar cike da filas ɗin ruwan zafi da kayan canji. Tana riƙe da keken ba a ga komai ba. Aka kira lambarta, ta saki hannu don ta zaro kati, sai keken ya yi baya gaba ɗaya, tayoyin gaba a sama. Salati ya cika wurin. Allah ya sa ta ɗaure yaron, ya tsorata ne kawai ya tsala kuka, ita kuwa ta durƙushe jikinta na rawa, mata suna yi mata sannu. Jaka a kwandon ƙasa take zama, shi ya sa nake so kwandon ya zama babba mai sauƙin sa hannu. Ƙugiyoyin rataye jaka da ake sayarwa, ko kyauta aka ba ki kada ki maƙala.

Shawarar ƙawarki ba ta banza ba ce. Gwanjo mai kyau sau da yawa ya fi sabo mai araha ƙarko, ƙarfensa ma daban ne. Amma gwanjo sai mai ido. Ki je da rana tsaka ki sa a fito miki da shi haske. Ki kife shi ki duba duk mahaɗar ƙarfe, ko akwai tsatsa, ko tsagewa, ko inda aka yi walda. Ki juya kowace taya da hannu ki saurara, in tana gurnani ko tana rawa boris ya ci. Ki buɗe shi har ki ji ƙarar kullewa, sannan ki danna kujerar da nauyinki ki ga ko zai rufe da kansa. Ki shinshina yadin, in yana warin funfuna ki wuce, wanki ba ya cire ta daga cikin soso. Bel ɗin da aka ɗinke da zare ko maɓallin da ke zamewa, wannan ba ragi ake nema a kai ba, bari ake yi. Sannan ki ɗauki hoton takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar keken da shekarar ƙira, ki rubuta su a Google tare da kalmar recall, ki ga ko yana cikin waɗanda aka taɓa janyewa daga kasuwa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi shelar gyara kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan gaɓar ninkewa ta datse kan yatsun yara 12. A 2010 kamfanin Graco ya yi irin wannan shela kan kusan miliyan biyu bayan jarirai huɗu sun rasu, domin jaririn da ba a ɗaure ba yana iya zamewa ta ƙarƙashin tiren gaba, kansa ya maƙale. Tsofaffin kaya irin waɗannan ba ɓacewa suke yi ba, hannu suke canzawa. Wanda aka kankare wa takarda ki bar musu kayansu. In kuma sabo kika fi so, ki zaga shagunan kayan jarirai na Kasuwar Gumi da kanki ki taɓa da hannu, ya fi ki tura kuɗi kan hoto a kawo miki abin da ba a mayarwa.

Sai kayan haɗi, kuma a nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Kada ki taɓa lulluɓe keken da mayafi, ko zane, ko tawul. Na san duk muna yi, wasu don rana, wasu don ƙura, wasu don bakin mutane, kuma da kyakkyawar niyya. Amma rufewar tana tsare iska, cikin ya koma kamar motar da aka kulle a rana. A 2014 wata jarida a Suwidin ta gwada: keken da aka ajiye a rana ba a rufe ba zafin cikinsa digiri 22 ne, da aka rufe shi da ɗan siririn yadi kuwa, cikin rabin awa ya kai 34, a awa ɗaya ya kai 37. Suwidin ke nan, ƙasar sanyi. To ina ga Kaduna a watan Maris ko Afrilu, da garin da kansa yake wuce digiri 35? Jikin jariri yana ɗaukar zafi da sauri fiye da namu, kuma in ya galabaita shiru yake yi, uwa tana tura keke tana murna ya yi barci. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba ki ganin fuskarta. Abin da kike buƙata rumfa ce babba mai saukowa sosai, da ɗan tagar raga a sama ko a baya don iska ta ratsa, ke ma ki riƙa leƙawa. In fita da rana ta zama dole, masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gano a 2023 cewa siririn yadi da aka jiƙa aka matse, haɗe da 'yar fanka mai caji da ake maƙalawa, yana rage zafin ciki da fiye da digiri 4, busasshen yadi kuwa ƙara shi yake yi. Fankar ki maƙala ta inda yatsu ba su kaiwa. Ki riƙa sa hannu a ƙeyarta da ƙirjinta, in kin ji zafi da gumi ki nemi inuwa, ki ciro ta, ki ba ta nono. Ba ruwa ba, nono, har sai ta cika wata shida. In keken ya daɗe a rana ki taɓa maɓallin bel da tafin hannunki kafin ki kwantar da ita. Bakin mutane kuma, ki riƙa yi musu addu'ar neman tsari da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi wa Hasan da Husaini, ki bar fuskar 'yarki a buɗe.

Gidan sauro na keke, mai roba a baki da ke kama shi zagaye, shi ne abu na farko da za ki haɗa, musamman in kuna zama tsakar gida bayan magariba. Yana hana ƙuda ma. Amma barcin dare a shimfiɗarta za ta yi, cikin gidan sauro mai magani, keke ba gado ba ne. Ledar ruwan sama mai ƙofofin iska a gefe tana da amfani a watan Agusta da hadari ke haɗuwa ba sallama, ruwa na ɗaukewa ki yaye ta, don leda a rana ta fi mayafi illa. Da hunturu hula da safa da rigar sanyi sun isa, ki bari hazon safiya ya ɗaga kafin ku fita. Filo, da abin riƙe kofin shayi a saman kan yarinya, da kayan wasa masu doguwar igiya, duk ki bar su a shago.

A cikin kayan wancan na Instagram abu ɗaya ne ya cancanci kuɗi, kujerar mota, tunda maigida yana da mota. Jariri a cinya a gidan gaba, yadda muka saba, in aka taka birki da ƙarfi ba hannun da zai iya riƙe shi. Ku saye ta daban in kuɗi sun samu, a ɗaure ta a kujerar baya tana kallon baya. Ita kam ban yarda da gwanjonta ba, don wadda ta taɓa shiga haɗari ba a ganewa da ido, kuma tana da ranar daina aiki a rubuce a jikinta. In tafiyar Kano ce ko Abuja a tsaya a hanya a ciro yarinya ta miƙe, kada ta wuce awa biyu a ciki a jere.

Abu biyu na gida. Yaran maƙwabta da 'yar aiki za su ɗauki keken abin wasa, za ki ji ana tsere da shi a tsakar gida ana dariya. Ki kafa doka tun ranar farko, yaro ba ya tura shi in jaririya na ciki, kuma in za a ninke yatsun yayanta su yi nesa. Na biyu, tsayin keke daidai yake da bututun hayaƙin mota. Wani bincike na Jami'ar Surrey a Ingila a 2018 ya nuna jariri a keke yana iya shaƙar gurɓatacciyar iska har kashi 60 cikin 100 fiye da mai tura shi. Ki bi layukan ciki maimakon gefen babban titi lokacin cunkoso, kada kuma ki ajiye ta kusa da janareto ko murhun gawayi.

Hajiya kuwa, ƙanwata, rabin maganarta gaskiya ce, kuma ina so ki riƙe wannan rabin da hannu biyu. Goyo ba ƙauyanci ba ne. Yaro a baya yana jin ɗumi da ƙamshi da motsin uwarsa, yana saurin lafawa, likitocin ƙashi ma suna yaba zaman da yake yi ƙafafu a ware, gwiwa a ɗage, don yana taimaka wa ƙugu ya zauna daidai. Tun 1978 wani asibiti a birnin Bogota na Kolombiya ya fara ɗaura bakwaini a ƙirjin iyayensu mata fata da fata, yau kuma hanya ce da ake koyarwa a asibitocin duniya har da namu. Turawan da suka ƙera keken yanzu da tsada suke sayen yadin goyo. Abin da Hajiya ke tsoro shi ne a ajiye mata jika a cikin ƙarfe a yi ta danna waya, kuma wallahi ta ga masu yin haka. Inda ba ta hango ba shi ne ɗinkin da ke cikinki, wataƙila ita duk haihuwarta ba a taɓa yanka ta ba.

Kada ki je mata da hujjojin likita kamar mai muhawara, kada kuma ki tura maigida ya yanke hukunci a tsakaninku, sai abin ya koma kin raba ta da ɗanta a kan keke. Ki je gaisuwa da kanki, ki durƙusa, ki ce, "Hajiya, wurin aikin nan ne har yanzu majanyi yake fama mini. Ko za ki nuna mini yadda zan ɗaure ta sama-sama in na samu sauƙi?" Tsohuwa in aka nemi iliminta zuciyarta sanyi take yi. Sannan ki ce mata keken ai na angonta ne, shi da ya yi nauyi, kishiyarta aro kawai take yi kafin bayanki ya yi ƙwari. In kun je gidanta ki ciro yarinyar ki miƙa mata ta goya da kanta.

Ranar Asabar in maigida yana gida ku je kasuwar tare, da tef ɗin tela da awon ƙofarku a rubuce, da yaran duka biyu don a gwada kowa a ciki. Ki sa ya jefa keken a but ku gani ko murfin zai rufe. In gwanjo kuka ɗauko, ki cire yadin ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi ki shanya a rana ya bushe ƙarau, ki goge ƙarfen, ki ɗiga mai a gindin tayoyi. Fitarku ta farko da shi ta zama gidan Hajiya, da zanen goyo da majanyi a ninke cikin kwandon ƙasa.